Ciwon maraina na farat ɗaya: abin da sikanin ke nunawa da inda yake yaudara

Idan yaro ɗan shekara 14 ya farka cikin dare yana riƙe da gabansa, yana amai, ya kasa miƙewa tsaye, tambaya ɗaya ce ke gaban likita kafin kowace: igiyar marainansa ce ta murɗe, ko wani abu ne daban? Yawancin cututtukan da ke kawo irin wannan ciwo suna iya jira gari ya waye. Murɗewa ba ta jira. Kowace ƙwayar maraina a rataye take jikin wata igiya da ta sauko daga cikin mara, kuma cikin igiyar nan ne jijiyoyin jininta suke, tare da bututun da ke ɗaukar maniyyi. In ƙwayar ta juya, igiyar ta murɗe, hanyar jini ta shaƙe. Cikin waɗanda aka warware wa kafin awa 6 da fara ciwon, kusan 9 cikin 10 ana ceto ƙwayar. Zuwa awa 12 abin ya koma wajen rabi. Bayan awa 24, waɗanda ake cetowa ba su kai 1 cikin 10 ba.

Abin ya fi samun samari 'yan shekara 12 zuwa 18, sai jarirai sabuwar haihuwa, amma magidanci ɗan shekara 40 ma bai tsira ba. Asalinsa halitta ce. A yawancin maza ƙwayar tana manne ta baya da bangon jakar maraina, ba ta da sararin juyawa. A wasu kuwa tantanin da ya lulluɓe ta ya zagaye ta gaba ɗaya har ya hau kan igiyar, sai ta zama tana lilo a sake. Galibi ɓangarorin biyu ne ke da wannan halitta, shi ya sa likitan tiyata ke ɗinke lafiyayyen ɓangaren ma idan ya shiga. Ana ganin yanayi yana da hannu, domin tsokar da ke janye maraina sama takan takure da ƙarfi in an ji sanyi. Wani nazari da aka yi a Zariya, aka buga a 1986, ya nuna cutar ta fi yawa a watannin hunturu, lokacin da iska ta bushe.

A ƙasar Hausa, kunya ce ke cinye awannin farko. Yaro ba zai iya buɗe baki ya ce wa mahaifiyarsa marainansa ke ciwo ba, sai ya ce mararsa ce. A tafi kemis a karɓo maganin ciwo, a ce bari a ga abin da hali zai yi zuwa safe. Wani lokaci ma ba ɓoyewa yake yi ba: jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga maraina sun haɗa hanya da na cikin ciki, don haka da gaske a mara ko kusa da cibiya yake jin abin. Duk yaro namiji da ya zo asibiti da ciwon mara da amai, wajibi ne a sauke wandonsa a duba.

Kafin a zo ga yadda ake sikanin, akwai wanda bai kamata a tura sikanin ba sam. Likitoci suna da wani ma'auni mai suna TWIST, da aka fara bugawa a 2013, wanda ake haɗawa da ido da hannu kawai. Kumburin ƙwaya maki 2 ne, taurinta maki 2. Tashin zuciya ko amai maki 1, ƙwayar ta ɗage sama fiye da 'yar'uwarta maki 1. Na ƙarshe shi ne a ɗan karci cikin cinya ta sama: a lafiyayye, ƙwayar wannan gefen za ta ja sama, in ba ta motsa ba, maki 1. Wanda ya haɗa 5 zuwa 7, ɗakin tiyata ne wurinsa. Tura shi layin sikanin, ko wani gari inda na'ura take, ƙona awannin da suka rage masa ne. Mai maki 3 ko 4 shi ne sikanin ya fi yi wa amfani. Akwai wata tsohuwar dabara ta ɗaga jakar da hannu, wai in ciwon ya lafa to kumburi ne, in bai lafa ba murɗewa ce. Ba abin dogaro ba ce, kuma ta sa an yi asarar maraina da dama.

Na'urar kanta ita ce matakin farko da ake tuntuɓe. Ƙananan wuraren sikanin da yawa don masu ciki aka kafa su, kan na'urar da suke da shi mai lanƙwasasshen baki ne, na wajen megahaz 3.5 (ma'aunin saurin kaɗawar sautin da na'urar ke aikawa cikin jiki), wanda aka yi don hango abu mai zurfi. Maraina kuwa a ƙarƙashin fata suke. Suna buƙatar kai mai miƙaƙƙen baki, na megahaz 7.5 zuwa 15, kuma dole na'urar ta zama mai Dofla, wato tsarin da ke nuna gudun jini da launi. Sikanin maraina da ba Dofla a ciki ba zai iya wanke kowa daga zargin murɗewa ba, domin a awannin farko ƙwayar da jininta ya yanke tana fitowa lafiya lau a hoton fari da baƙi.

Maras lafiya zai kwanta rigingine, a naɗe tawul a sa tsakanin cinyoyinsa ya tallafi jakar, a ɗora azzakari kan mara a rufe da wani tawul. Man da ake shafawa ya zama mai ɗumi, domin mai sanyi yana sa fata ta takure, ƙwayar ta gudu sama. A fara da lafiyayyen ɓangare. Dalili biyu ne: maras lafiya ya saki jiki, sannan a kan lafiyayyar ƙwaya ake daidaita na'ura. A sauke ma'aunin saurin jini ƙasa sosai, wajen santimita 5 a daƙiƙa ko ƙasa da haka, a rage tacewar da ke zubar da ƙananan motsi, a ƙara ƙarfin karɓar launi har sai hoton ya fara yin dusa-dusa, sannan a ɗan ja baya. Da an ga jini sarai a lafiyayyen ɓangare, a bar maɓallan yadda suke a koma mai ciwo. Wanda ya bar na'urar a saitin da aka duba jijiyar wuya ko ta ƙafa da shi, ba zai ga jini a ko wace ƙwaya ba, don jinin maraina a hankali yake tafiya.

Kowace ƙwaya a duba ta a tsaye da a kwance, wato ta tsawonta da ta faɗinta, daga sama har ƙasa, a auna ta. Ta babban mutum tana kai santimita 3 zuwa 5 a tsawo, ta yaron da bai balaga ba kuwa cikarta ba ta wuce mililita 1 zuwa 2 ba. Sai a ɗauki hoto guda a kwance wanda ya haɗa ƙwayoyin biyu gefe da gefe, da launi da kuma ba launi. Wannan hoton ya fi kowanne daraja, domin ɗan bambancin duhu ko na yawan jini da ido ba zai kama ba in an duba su ɗai-ɗai, a nan yake bayyana. Daga nan a bi efididimis, nannaɗaɗɗen bututun da ke manne a bayan ƙwaya inda maniyyi ke nuna, daga kansa da ke sama, mai kaurin milimita 5 zuwa 12, har wutsiyarsa da ke ƙasa. Mataki na ƙarshe shi ne wanda aka fi tsallakewa: a ɗora kan na'urar a gefen mara, daidai inda kaluluwa ke fitowa, a kamo igiyar a kwance, a biyo ta sannu a hankali har inda ta shiga ƙwayar.

Idan murɗewar ta cika, hoton ba shi da wuyar karantawa: lafiyayyar ƙwaya tana walƙiya da ɗigon ja da shuɗi, ɗayar kuwa shiru. Daga awa 4 zuwa 6 takan fara kumbura, ta yi duhu fiye da 'yar'uwarta, ruwa ya ɗan taru kewaye da ita. In namanta ya zama dabbare-dabbare, wani wuri fari wani wuri baƙi, alama ce cewa ya riga ya mutu, kuma da wuya a cece ta ko an warware. Wadda namanta ke nan sumul bai ɗaya, ko da ba jini a ciki, ita ce ake gudu da ita.

Matsalar tana wurin da aka ga jini. Nan ne rahoto kan fito da cewa jini na gudana, ba murɗewa, a sallami yaro da maganin ƙwayoyin cuta, ya dawo bayan kwana uku da matacciyar ƙwaya. Igiyar tana iya murɗewa daga digiri 180 zuwa 720 ko fiye. Jijiyoyin da ke mayar da jini bangonsu siriri ne, su suke fara toshewa. Masu kawo jini bangonsu kauri ne kuma da ƙarfin bugun zuciya a bayansu, sukan ci gaba da turo jini na tsawon lokaci in murɗin bai wuce zagaye ɗaya ba. Jini yana shiga, ba ya fita. Ƙwayar kuma tana cikin wani farin tantani mai tauri da ba ya buɗewa, don haka matsi yana ta ƙaruwa a ciki har ya rinjayi bugun. A tsakanin nan, launi yana nan a allo, ƙwayar kuwa tana mutuwa.

Abu biyu ne ke tona wannan. Na farko zanen bugun jini. A ɗora alamar awo a kan wata jijiya da ke tsakiyar naman ƙwayar, na'ura ta zana tashi da saukar gudun jini da kowane bugun zuciya. A lafiyayyar ƙwaya, jini ba ya tsayawa tsakanin bugu da bugu. Ana lissafa ma'aunin turjiya ta hanyar ɗebe saurin ƙarshen bugu daga saurin ƙololuwa, a raba da saurin ƙololuwar. Lafiyayye yana faɗawa tsakanin 0.5 da 0.75. In ya haura haka, ko zanen ya nuna jini yana komawa baya tsakanin bugu, ko kuma bugun ya zama mai rauni, mai tashi a kasalance idan aka kwatanta da ɗaya gefen, to hanya ta shaƙe a wani wuri. Na biyu, kuma mafi ƙarfi, shi ne igiyar kanta. Lafiyayyar igiya a miƙe take saukowa. Murɗaɗɗiya kuwa, in ana biyo ta da kan na'ura, za a iso wani wuri inda ta naɗe a kan kanta kamar gammo, kuma in ana gangarawa a hankali za a ga naɗin yana juyawa a allo. Ganin wannan naɗi ya wadatar, ko akwai jini a ƙwayar ko babu. Wani lokaci ba a ganin naɗin sarai, sai dai wani dunƙule a saman ƙwayar ko a gefenta, na igiyar da ta taru ta kumbura tare da kan efididimis. Wanda bai saba ba yakan rubuta shi a matsayin kumburin efididimis. Bambancin shi ne wannan dunƙulen ba ya cika da launi.

Akwai wasu ramukan. Murɗewa tana iya warwarewa da kanta kafin a iso asibiti, kuma ƙwayar da jini ya dawo mata takan cika da shi fiye da kima na ɗan lokaci, ta yi kama da mai kumburin ƙwayoyin cuta. Labarin ne ke raba gardama: ciwo mai tsanani da ya zo farat ɗaya ya kuma tafi farat ɗaya, musamman in ya taɓa faruwa a baya. Irin wannan yaro yana buƙatar a ɗinke masa marainan kafin ranar da ba za ta warware ba. A murɗewar da ta kwana biyu, fatar jakar da tantanin da ke kewaye sukan cika da jini, domin su daga wasu jijiyoyi daban suke sha, sai a ga zoben launi ya kewaye baƙar ƙwaya. Jinin gefe ba jinin ciki ba ne. Ga kuma yaro ƙarami mai kuka yana shure-shure: motsi yana watsa launi a allo wanda ba jini ba ne, kuma hanyar tantancewa ita ce a nemi zanen bugu a wurin. A irin waɗannan ƙananan yara, jinin lafiyayyar ƙwaya ma yakan yi wuyar gani. Ana taimakawa da nau'in Dofla wanda ke nuna kasancewar jini ba tare da alkiblarsa ba, don ya fi jin ƙaramin gudu. In duk da haka ba a ga jini a ɓangarorin biyu ba, sikanin bai ba da amsa ba, kuma haka ya kamata a rubuta.

Kumburin efididimis shi ne ya fi kawo manya. Ciwon yakan taso a hankali cikin kwana ɗaya ko biyu, sau da yawa da zazzaɓi, zafin fitsari ko fitar mugunya. A masu ƙasa da shekara 35 da ke saduwa, yawanci ƙwayoyin ciwon sanyi ne ko kilamidiya, wata cutar da ake ɗauka ta saduwa. A dattawa kuwa ƙwayoyin hanji ne da ke shiga fitsari, musamman in furostet, ƙullin naman da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ta kumbura tana tare hanya, ko an sa robar fitsari. Ƙwayoyin cutar ta bututun maniyyi suke gangarowa, don haka wutsiyar efididimis suke fara kamawa, kuma wanda ya tsaya a kan kai kawai zai wuce su. A allo, bututun ya yi kauri, ya yi duhu, ya cika da launi, alhali lafiyayye ɗigo kaɗan yake nunawa. A kashi 20 zuwa 40 cikin ɗari cutar tana tsallakawa cikin ƙwayar, ita ma ta cika da jini, ma'aunin turjiyarta ya sauka ƙasa da 0.5. Abin da ake nema bayan haka shi ne ɓarna: kogon mugunya mai baƙin ciki da zoben jini a bakinsa, ruwan da ke kewaye da ƙwaya ya yi kauri da zare-zare, ko kumburin ya danne jijiyoyin da ke mayar da jini har ƙwayar ta fara mutuwa. Mai wannan na ƙarshe magani kaɗai ba zai ishe shi ba. Yaron da bai balaga ba kuwa, kumburin efididimis na ƙwayoyin cuta ba kasafai yake samunsa ba, don haka duk rahoton da ya faɗi haka a kan ɗan shekara 12 mai amai, a sake duba igiyarsa.

Tsakanin shekara 7 da 12 akwai wani abin da ya fi murɗewar igiya yawa. A saman ƙwayar akwai wani ɗan tsiro, ragowar halittar ciki, da ba ya aikin komai. Shi ma yana murɗewa. Ciwon bai kai na igiya ba, amai ba kasafai ba, kuma yaro yakan nuna wuri guda da ɗan yatsa. Littattafai suna maganar wani shuɗin ɗigo da ake hangowa ta fata, amma ko a farar fata kaɗan ne ke nuna shi, balle a baƙa. Sikanin yana nuna ɗan dunƙule da ya wuce milimita 5, ba jini a cikinsa, jini ya taru kewaye da shi, ƙwayar kuwa lafiya, igiya a miƙe. Hutu da maganin ciwo sun isa, cikin mako guda yakan lafa.

Hangum yana sauka maraina a wajen samarin da suka balaga, yawanci kwana 4 zuwa 8 bayan kumburin kumatu. Tambaya ɗaya game da kumatu takan warware hoton ƙwayar da ta kumbura ta cika da jini.

Bugu kuma, ko na ƙwallo, ko na tankin babur a haɗari, ko harbin dabba, tambayarsa ita ce farin tantanin ya yage ko bai yage ba. A lafiyayye, yana fitowa a matsayin siririn farin layi da ya zagaye ƙwayar ba yankewa. In layin ya katse, gefen ƙwayar ya ɓaci, namanta ya zama dabbare-dabbare, to ta fashe, kuma in aka ɗinke cikin awa 72 ana ceto fiye da kashi 80 cikin ɗari. Jinin da ya taru da yawa kewaye da ita yana iya ɓoye yagewar. A tuna kuma bugu da kansa yana jawo murɗewa, don haka labarin ƙwallo bai ɗauke wa kowa duba igiya ba.

Wasu ciwukan ba daga ƙwayar suke ba. Hanjin da ya sauko cikin jaka ya maƙale yana bayyana a matsayin bututu mai bango, kuma abin dubawa shi ne yana motsi ko ya tsaya cik, da jini a bangonsa ko babu. Wanda ya daina motsi, ruwa ya taru kewaye da shi, na tiyatar gaggawa ne. A mai ciwon suga da jakarsa ta kumbura, ta yi ja ko baƙi, yana zazzaɓi, a duba kaurin fatar: fararen ɗigo masu haske da ke jefa hazo a bayansu iska ce da ƙwayoyin cuta ke fitarwa, alamar ruɓewar nama mai yaɗuwa cikin awanni. Ƙwayoyin biyu sukan fito lafiya a wannan hali, domin jininsu daga can cikin ciki yake zuwa, kuma lafiyarsu kada ta kwantar wa kowa da hankali. In kuwa an duba komai ba a ga komai ba, a juya kan na'urar masu ciki zuwa ƙoda, don tsakuwar da ta sauko bututun fitsari tana aika zafi har maraina.

A yankinmu akwai ƙarin abubuwa da mai sikanin zai riƙe a rai. Tarin fuka yana kama efididimis, ya bar shi da ƙulli-ƙulli masu tauri da jini kaɗan, wani lokaci har ya ɓulo ta fata, kuma maganin kwana goma ba ya taɓa shi. Tsutsar da ke jawo tundurmi da gwaiwa tana zama a hanyoyin ruwan jiki da ke kusa da igiya, ana iya ganinta a allo tana wutsil-wutsil ba tsayawa, abin da aka fara bayyanawa a Burazil a 1994. Mai sikila kuma wani yanki na ƙwayarsa yana iya mutuwa, ya fito a matsayin baƙin wuri mai kusurwa da ba jini a ciki.

Wannan baƙin wuri yana kawo wata magana. Kusan 1 cikin 10 na masu kansar maraina da ciwon gaggawa suke fara zuwa, sau da yawa don jini ya tsinke a cikin ƙarin. A ranar farko, ƙari da kumburi da taruwar jini da mataccen yanki duk suna iya yin kama da juna. Don haka duk wani tabo da aka gani cikin naman ƙwaya, a rubuta girmansa da wurinsa, a sa ranar sake dubawa bayan 'yan makonni. Kumburi da gudan jini suna raguwa. Wanda ya tsaya yadda yake ko ya ƙaru, musamman in da jini a cikinsa, na likitan mafitsara ne tare da gwajin jini na alamomin cutar kansa.

Rahoton da zai amfani likitan tiyata dole ya faɗi lokacin da aka yi sikanin, girman kowace ƙwaya da yanayin namanta, ko an ga jini a tsakiyar naman ko a gefe kawai, ma'aunin turjiya na ɓangarorin biyu, da kuma ko an bi igiyar tun daga gefen mara an same ta a miƙe. In ba a iya bin igiyar ba saboda ciwo ko kumburi, a faɗa ƙarara. In an ga naɗi, ba a jiran buga takarda, a ɗaga waya a kira likitan, a kuma hana maras lafiya ci da sha tun daga wannan lokaci saboda maganin barci. Inda ɗakin tiyata ke da nisa, ƙwararren likita yana iya gwada warwarewa da hannu bayan an ba da maganin ciwo, yana juya ƙwayar zuwa wajen cinya, domin kusan kashi biyu cikin uku ta ciki, wato zuwa tsakiyar jiki, suke murɗawa. In ciwon ya ƙaru, a juya ta ɗaya gefen. Sikanin yana tabbatar da dawowar jini nan take, amma sau da yawa akan bar ragowar murɗi, don haka tafiya ɗakin tiyata tana nan, kuma ɗinkin ɓangarorin biyu a wannan rana ya kamata a yi shi.